Kwanton Ɓaunar Da Na Yi Wa Auta

Salamu alaikum, masu bin wannan shafi. Ku gyara zama, yau ba muryar da kuka saba ji ba ce. Yarinyar nan da ke ba ku labarinta da ɗan sojan da ke nemanta, tana sa ku zubar da hawaye a kan waya, jikata ce. Tun tana rarrafe nake kiranta Uwargida, don duk matan da na aura babu wadda ta juya ni kamar ita. Yau na ƙwace shafin. Ita ke bugawa, ni ke faɗa, kuma na ja mata kunne: in ta rage min magana ko ɗaya, a bakin aurenta.

Ni ban yi boko ba, ban kuma taɓa sunkuyar da kai saboda haka ba. Saje ake ce min, daga bakin titi har cikin asibiti. Na yi soja tun ana ɗinka kaki da zaren gaske. Harsashi ya shiga ƙaurina ya fita, ya je ya gaya wa 'yan uwansa su canza hanya. Likitan da ya ce ba zan ƙara taka ƙasa ba, da wannan ƙafar na raka shi makwancinsa. Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, hasashe ne bai iya ba. To mutum irina ne wani littafi ya kusa kayarwa. Littafin ma ba na takarda ba, na cikin waya!

Bari in ɗauko muku daga tushe, saboda waɗanda suka shigo yanzu.

Mai neman Uwargida kofur ne, yana gyaran manyan motocin soja a bariki. Dogo ne, kunnuwa kamar marfin tukunya, magana kuwa sai an ja ta da igiya. Ranar da ya fara zuwa gaishe ni, takalminsa na duba kafin fuskarsa. Har dugadugan a goge suke. Na ce a raina, wannan ɗan ƙwacen da ya zo raba ni da matata, ya san aikinsa.

Uwar yarinyar ita ce autata, har yau Auta nake ce mata ko da furfura ta fara leƙo mata. Nas ce a babban asibiti, ɗakin masu karaya. A gidanta nake zaune, ɗakin da ke bakin ƙofa, don duk mai shiga da mai fita ya bi ta gabana. Auta a bariki ta tashi. Ta sha ganin motar da ke zuwa kwashe kayan matar da mijinta bai dawo ba, gado da tukwane da yara a sama. Saboda haka tun farko ba ta so soja ga 'yarta ba. Amma Kofur ya yi ta haƙuri, yana zuwa yana durƙusawa, har ta fara amsa gaisuwarsa da baki, ba da hanci ba. Mijinta kuwa, surukina mai shagon taya, duk inda Auta ta karkata nan yake jingina. Mun ɗauka magana ta kusa kai wa ga manya.

Sai littafin nan ya shigo gidan.

Labarin yaƙi ne, amma ba a ƙasa ba, can tsakanin taurari. Wai mutane sun yi yawa, wasu sun ƙaura wata duniyar mai ƙanƙara suna haƙar ruwa suna aikowa gida. Da suka gaji da aiki ba godiya, suka yi tawaye. Aka tura musu wani kumbo mai girman gari guda, cike da sojoji da igwa mai aman haske. A cikin kumbon akwai wani Kyaftin, jarumin littafin, wanda a can duniyar ƙanƙarar aka haife shi. Uwarsa na can, ƙaninsa na cikin 'yan tawaye, shi kuma yana sanye da kakin waɗanda suka zo rusa garin. Kun ga inda gizo ke saƙar.

Kullum bayan Uwargida ta dawo daga kantin maganin da take aiki, sai ta zauna a bakin gadona ta karanta min. Akwai kuma guruf na masu karatun, inda kowa ke zuwa ya amayar da abin da ke cikinsa. Ni ma ina ciki, saƙon murya nake turawa. Na gaya musu marubucin nan yana da kai, amma bai taɓa jin warin takalmin soja ba. Sojojinsa ba sa wanke safa, ba sa zagin mai dafa abinci, ba sa satar barci a tsaye. Ina aka taɓa yin irin wannan runduna? Sai suka yi ta turo min hoton fuska mai dariya. Uwargida ta ce yabo ne. Na ce na sani.

Da aka zo babin da Kyaftin ya sace ƙaramin jirgi ya gudu don ya gargaɗi uwarsa kafin a yi wa garinsu ruwan wuta, guruf ya rabu biyu kamar an sa wuƙa. Wata mai kiran kanta Uwar Biyu ta rubuta, “Wallahi wannan shi ne ɗan halak. Allah ya ba mu 'ya'ya irinsa.” Wani malamin makaranta ya zubo dogon bayani, har yau ban gane inda ya dosa ba. Wani direban tasi ya ce, “Ni dai ƙaramin jirgin nan nake so, ko haya ce a ba ni.” Uwargida kuwa sai da ta jiƙa gefen gyalenta da hawaye, ta rubuta cewa Kyaftin ya fi duk mazan littafin zuciya.

Kofur ba ya yawan magana a guruf ɗin. Ranar ya yi. Ga abin da ya rubuta, Uwargida ta karanta min shi har na haddace:

“Ku yi haƙuri, ni ban ga jarumi a nan ba. Wanda ya bar bakin aikinsa haka, maci amana ne. Ko uwata ce a garin nan, ba zan bar gadin nan yadda ya bar shi ba.”

Ni da na ji, gyaɗa kai kawai na yi. Duk wanda ya taɓa tsayuwar gadi ya san me yaron yake nufi. Uwargida ta tura masa hoton fuska mai harara, ya maido mata da mai dariya, a wurinsu magana ta wuce.

Ashe akwai 'yar Gwaggo a guruf ɗin. Gwaggo yayar surukina ce, wadda nake kira Gidan Rediyo, don ba ta taɓa jin labari ta bar shi ya kwana. 'Yarta ta ɗauki hoton maganar ta tura mata, ita kuma ta zana jan layi a ƙarƙashin “ko uwata ce”, ta aika wa Auta da ƙarin gishiri: “Ga wanda za ku ba 'yarku. Uwarsa ma bai ɗauke ta a bakin komai ba, balle 'yar wani.”

Auta ta shigo gidan da fararen kayan aikinta, ko jakarta ba ta ajiye ba. Daga jin yadda ta turo ƙofa na san an harba.

“Ke! Zo nan. Wannan rubutun wane ne?”

“Umma, maganar littafi ce fa.”

“Na tambaye ki maganar mece ce? Shi ya rubuta ko ba shi ba?”

“Shi ne, amma in kin karanta babin—”

“Ba na karanta tatsuniyar mutanen da ke yaƙi a sama. Na ga na ƙasa da idona.” Ta juyo gare ni. “Baba, kai ma kana ciki, ka gani ka yi shiru?”

Na ce, “Auta, zauna ki cire takalmi tukuna. Ba a yanke hukunci a tsaye.”

“Na gama yankewa. Mutum ya faɗa da bakinsa a gaban jama'a cewa aiki ya fi uwarsa. Gobe in 'yata tana kwance tana neman ruwa, zai ce mata bataliya na kira. Ki haɗa masa agogon nan da turaren da ya kawo miki. Ranar hutuna Gwaggonki za ta zo ta mayar masa.”

Ta shige ɗaki ta ja ƙofa. Surukina ya dawo daga shago, ya shaƙi iskar gidan, ya ce ya manta bai kulle wani abu ba, ya koma.

Jama'a, na ga bariki bayan an sha kashi, amma bai kai gidan nan shiru a kwanakin ba. Uwargida ta daina sa jan baki, ta daina ɗaura ɗankwalinta a karkace yadda take yi in tana jin kanta. Doguwar rigar nan mai ruwan toka ta maƙale mata, safe da yamma. Ta kawo min shayi babu sukari, na shanye ban ce komai ba. Ni da ba a taɓa ba ni shayi salam na yi shiru ba!

Da yamma ta zo ta zauna a ƙasa ta jingina da gadona, ta miƙo min wayar kamar zan iya karantawa.

“Kaka, ji abin da ya ce.”

Ta karanta. Ita ta rubuta masa, “Don Allah ka goge, ka ce wasa kake yi.” Shi ya amsa, “In kin ce in goge zan goge. Amma ba zan ce wa Mama wasa nake ba, don ba wasa nake ba. In na fara shiga gidanku da ƙarya, da me zan zauna?” Ita ta ce, “To ka zaɓi littafi a kaina ke nan.” Shi ya ce, “Ke na zaɓa, shi ya sa.”

“Ka ji taurin kai ko?” in ji ta, hanci na zuba.

Na ce, “Ki gaya masa in ya goge ko harafi ɗaya, ni da kaina zan kore shi. Kuma share hancinki, ba na son mace mai majina, sai in ƙaro aure.”

Ta yi dariya tana kuka. Ni kuwa na kwanta ina kallon silin ina jera dabara. Auta jinina ce, na san ba a cin ta da gaba da gaba. In ka ce mata gabas, ko alƙibla ce sai ta duba yamma. Irin wannan abokin karawa, kwanton ɓauna ake masa, a wurin da ba zai iya ja da baya ba. Kuma na san wurin.

Tsohon raunin nan na ƙaurina, in zafi ya yi yawa yakan buɗe baki kaɗan. Duk ranar hutunta Auta ke wanke shi ta sa sabon bandeji. Kuma tunda Auta ta fara aikin jinya, ko gobara aka yi ba ta taɓa barin rauni a buɗe ta tashi ba.

Ranar ta zo. Da hantsi na aika wa Kofur saƙon murya: “Ka sa rigarka mai kyau, ka zo shagon mai askin da ke kan kwana, ka zauna. Kada ka motsa sai ka ji kira. Umarni ne.” Ya amsa, “An gama, Saje.” Janar na gari ba ya fita ba dakarun ajiya.

Gwaggo ta iso cikin leshi mai ƙyalli, turarenta ya riga ta shigowa da taku goma. Ta zauna a kujerar falo ta ɗora ledar agogo da turaren a cinya kamar wadda aka ba ajiyar gawa. Na ce yau a falo nake son a wanke min ƙafa, ɗakina ya yi zafi. Auta ta kawo robar ruwan ɗumi da auduga da almakashi, ta zauna a ƙaramar kujera, ta ɗora ƙafata a kan tawul a cinyarta. Na jira sai da ta warware tsohon bandejin, raunin ya fito fili, ta sa safar hannu ta jiƙa audugar.

Sannan na ce, “Uwargida, ɗauko wayar nan ki karanta min, in manta da zafi.”

Auta ta ɗago. “Baba, in littafin nan ne—”

“Ƙafata ce ko taki? Mara lafiya ke zaɓar abin da zai ɗauke masa hankali, ku kuke faɗa a asibiti.”

Gwaggo ta ce, “Oho dai, a karanta, mu ji abin da ya fi uwa.”

Uwargida ta zauna a hannun kujera, ta fara. Ta karanta yadda aka ɗora Kyaftin a kan gadin garkuwar kumbon, wata katangar haske da ke hana makamin abokan gaba shiga. Shi kaɗai ne a ɗakin, sauran suna hutawa, sun bar rayukansu a hannunsa. Ya ji a rediyo cewa da wayewar gari za a rusa garin uwarsa. Ya tuna hannunta, ya tuna yadda take hura masa yatsu in sanyi ya kama su.

Hannun Auta ya rage sauri. Gwaggo ta ce, “Allah sarki, ɗan albarka.”

Uwargida ta ci gaba. Ƙaramin jirgi ba ya fita sai an kashe garkuwar. Kyaftin ya kashe ta. Ya bi ta gaban ɗakin wanda zai karɓe shi gadi, ya ji minsharinsa, ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa, sai ya tuna in ya tashe shi zai hana shi tafiya. Ya sauke hannun. Ya wuce ta gaban ɗakin jinya, inda raunanan sojoji ke kwance an ɗaura musu robar numfashi, wata tsohuwar nas tana zagaya su ita kaɗai. Ta ce masa, “Kyaftin, lafiya?” Ya ce, “Lafiya, Inna, komai na hannuna.” Ya shiga jirgi ya fice.

Auta ta tsaya cak da auduga a hannu. “Tsaya. Wa ya bar wa garkuwar?”

“Babu kowa, Umma.”

“Bai tashi mai karɓarsa ba?”

“Bai tashe shi ba.”

“Ko takarda bai ajiye ba? Ko ƙararrawa bai saita ta buga bayan ya fita ba?”

“A'a.”

“Ci gaba.”

Ta karanta yadda 'yan tawaye suka ga katangar ta ɗauke, suka harbo makami ɗaya, ya faɗa daidai ɓangaren ɗakin jinya. Iska ta fara zurarewa waje. Tsohuwar nas tana da hanyar gudu, amma ta tsaya tana tura gadaje ɗaya bayan ɗaya zuwa ɗakin da ke da iska, har ƙofar ƙarfe ta rufe tana ciki da sauran da ba ta kai ga turawa ba.

Auta ta danna min audugar a raunin da ƙarfin da sai da na ga taurarin littafin da idona. Ban yi ƙara ba. Uwargida na cewa wai na yi, kada ku saurare ta.

“Amma wannan an yi la'ananne!” in ji Auta. “Ka tafi wurin uwarka, wa ya hana ka? Amma ka tashi mutum ka miƙa masa aiki! Ko duka za ku yi, ku yi, ka ɗaure shi a kujerar ya maida katangar bayan ka fita. Ka kalli tsohuwa a ido ka ce komai na hannunka? Mu a wurinmu ko mutuwa aka yi maka a gida, ba ka cire farar riga sai mai karɓarka ta iso kun zagaya gado gado. Wannan ai ba son uwa ba ne, cin amana ne! Wallahi ko uwata ce a garin nan—”

Ta ji abin da ya fito daga bakinta, ta sunkuyar da kai kan raunin.

Gwaggo ta buɗe baki ta rufe. Ni kuwa na kalli silin ina shafa gemu, kamar ban san da zancen ba.

Auta ta ƙarasa naɗa bandejin a hankali, ta ɗaure, ta cire safar hannu. Ba ta kalli kowa ba ta ce, “Baba, kai ka shirya wannan.”

“Ni? Tsoho mai ciwon ƙafa?”

“To na ji. Yaron ya yi gaskiya a kan littafin.” Ta ɗago, idanunta sun kaɗa. “Amma gaskiyar tasa ce ke ba ni tsoro. Irin masu wannan gaskiyar ne ake kawo wa matansu hula da takalmi.”

Nan fa, jama'a, dabarata ta ƙare. Na shirya wa fushinta, ban shirya wa wannan ba. Abin da ya rage min sai dakarun ajiya. Na ce wa Uwargida ta kira shi.

Kafin a kwashe robar ruwan sai ga sallamarsa. Farar riga mai dogon hannu, guga har tana yanka, kai sabon aski, don mai askin bai bar shi ya zauna masa a shago a banza ba. Ya cire takalmi ya jera su, ya durƙusa daga bakin kafet. Gumi na bin bayan kunnuwan nan.

“Ina wuni, Mama. Ina wuni, Gwaggo. Saje, barka da hutawa.”

Auta ta ce, “Tambaya ɗaya zan yi maka, kada ka yi min kwana. In 'yata tana kan gwiwa za ta haihu, aka busa muku ƙaho, me za ka yi?”

Na yi ta ƙifta masa ido ya sassauta. Yaron nan ko kallona bai yi ba.

“Zan tafi, Mama.”

Gwaggo ta tafa hannu. “Kun ji ko! Da bakinsa!”

“Zan tafi,” ya sake faɗa, muryarsa ƙasa ƙasa. “Amma ba zan fita ta taga ba. Zan ɗauko ta in kawo ta hannunki, in gaya miki inda za ni in an yarda in faɗa, in gaya mata gaskiya ko ba daɗi. Ba zan taɓa ce mata komai na hannuna ba alhali na saki. Iyakar abin da nake da shi ke nan, Mama. In na yi miki alkawarin da ya fi wannan, ƙarya ce.”

Sai Uwargida, wadda tun shigowarsa take laɓe a bayan labule, ta fito ta durƙusa kusa da uwarta.

“Umma, kin tuna ranar da na faɗo daga kan katangar makaranta na karya hannu? Kina bakin aiki aka kira ki. Ba ki zo ba sai da mai karɓarki ta iso. Kaka ne ya goya ni, da ƙafarsa mai ciwo.”

“Na tuna,” in ji Auta da ƙyar.

“Na yi fushi a ranar. Amma ban taɓa cewa ba kya sona ba, ko sau ɗaya. Na san irin gidan da na fito, Umma. Na san irin wanda zan shiga.”

Maganar goyon gaskiya ce, kuma da gudu na kai ta, ku rubuta ku ajiye.

Auta ta daɗe tana kallon Kofur. Shi kuma kansa a ƙasa, gumi na ɗiga a kafet. Can ta miƙe ta shiga ɗaki. Zuciyata ta ce shi ke nan, an rasa filin. Sai ga ta ta fito da na'urar awon jini, ta nufi Kofur.

“Naɗe hannun rigarka. Wannan gumin ba na lafiya ba ne.”

Ku da ba ku san gidanmu ba, ba za ku gane ba. Auta ba ta auna jinin baƙo. Maƙwabta sun sha zuwa, ta ce su je asibiti su bi layi. Na'urar nan ta 'yan gida ce kaɗai. Uwargida ta toshe baki da gyale ta ruga ɗaki, muna jin tsallenta a kan katifa.

Auta ta naɗa masa na'urar ta matsa, ta saurara, ta saki iskar. “Ya ɗan hau. Ka rage gishiri, kuma ka daina biye wa tsohon nan. Ka gaya wa manyanka muna sauraronsu.” Ta miƙa hannu ta ɗauke ledar daga cinyar Gwaggo ta ajiye a kan talabijin. “Yaya, bar kayan nan, mai su na nan.”

Sannan ta juyo kaina. “Kawo naka hannun.”

“Ni lafiyata ƙalau. Ni da aka yi wa ruwan igwa ina shan shayi?”

Ta kama hannun ta naɗa ba ta saurare ni ba. Ta duba, ta sake dubawa, ta kalle ni ta saman tabarau. “Baba, naka ya fi nasa hawa nesa ba kusa ba.”

Na ce na'urar ta tsufa, a ba Kofur ya duba ta. Ta yi murmushi, irin wanda rabona da gani tun kafin littafin nan ya shigo gidan, ta gyara min matashin da ke bayana. Ni kuwa na ji wani abu ya sauka daga ƙirjina kamar an sauke min jakar tafiya bayan doguwar hanya. Na ce a kawo shayi, kuma wannan karon a sa sukari kamar ana son mai shan.

Gwaggo ba ta tsaya shayin ba. Ta yafa gyale ta fita, amma ba ta yi nisa ba. Daga bakin ƙofa muna jin ta a waya da babban yayansu, da muryar da ta tabbatar ta shigo falon: “Yaya, kana ina? Ka bar abin da kake yi ka zo. Ana nan ana ba da 'yar ƙaninka a kan tatsuniya, dangin uba ko a tambaye su.”

Kofur ya kalle ni. Auta ta kalle ni. Na kurɓi shayina, na miƙe ƙafar da sabon bandejinta a kan tebur.

Na ce, “Ya zo. A juya min kujerar nan ta kalli ƙofa.”